Amsoshin Wasiƙunku: Kwalliyar Hancin Bonet, Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

 A wannan mako wasiƙu biyu ne suka zo mana a kan magana ɗaya, don haka muka ga ya dace mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ce yana da Toyota Hilux mai shan dizal ƙirar 2010, irin mai ƙofar iska a tsakiyar bonet. Ya ce rana ta cinye fentin wurin har ya koɗe, yana so ya sake masa fenti da hannunsa, ya sa masa raga a baki, ya kuma jera 'yan fitilu a ciki. Yana tambaya ko akwai illa.

Ta biyu kuwa daga wani matashi ne a Zariya, Jihar Kaduna, mai Toyota Corolla. Shi kuma ya ce ya sayo irin wannan abu na roba a kasuwar kayan mota, abokansa kuma sun ba shi shawara ya sa a yanke bonet ɗin daidai ƙarƙashinsa, wai injin zai sha iska motar ta ƙara gudu. Yana so ya san ko gaskiya ne, da kuma yadda zai ɗaura shi ya yi kyau.

To malamai, mun gode da wasiƙunku. Wannan abu dai shi ne Amurkawa ke kira hood scoop, mu kuma a nan za mu kira shi hancin bonet, tun da ta nan ne wasu motoci ke shaƙar iska. Amsar a dunƙule ita ce, kafin mutum ya taɓa shi, ya fara sanin ko hancin nasa na aiki ne ko na ado. In na aiki ne, duk kwalliyar da za a yi masa kada ta rage masa numfashi. In kuwa na ado ne, a bar shi a adonsa, kada a ɗauko giranda a ce sai an mai da shi na aiki. Wasiƙar Damagaram a kan na aiki take, ta Zariya kuma a kan na ado.

Bari mu ɗan koma baya don a gane asalin abin. Yayin hancin bonet ya bunƙasa ne a Amurka cikin shekarun 1960, lokacin da kamfanonin birnin Detroit ke gasar ƙera motoci masu manyan injuna. A wancan zamani matatar iska a saman kaburata take zaune, a tsakiyar injin, daidai ƙarƙashin bonet, tana zuƙar iskar da injin ya riga ya ɗumama. Iska mai zafi kuwa ba ta da auki. Duk sa'ad da zafinta ya ƙaru da digiri 3 a ma'aunin Salshiyas, abin da injin ke samu a kowace zuƙa yakan ragu da kamar kashi 1 cikin 100. Shi ya sa aka yi dabarar buɗe ƙofa a bonet, domin iskar waje mai sanyi ta faɗa kai tsaye cikin matatar.

Kamfanin Ford ya fito da wani iri a motarsa Mustang Mach 1 a 1969, wanda a jikin injin aka ɗaure shi, ya leƙo ta wani rami a bonet, in injin na aiki sai a ga yana ta karkarwa. A wannan shekara kuma Chevrolet ya yi wa Camaro wani hanci mai kallon baya, yana ɗibar iskar da ke taruwa a gindin gilashin gaba. A 1970 Plymouth ya yi wa motarsa Road Runner hanci mai murfi, direba na zaune zai taɓa makunni ya buɗe, in ya ga dama ya rufe. Amma fa tun a lokacin ma ba duka ne na gaske ba. Hanci biyu da ke kan Pontiac GTO ta 1964 a toshe suke, ado ne kawai. Har ita Mach 1 ɗin, wanda bai biya kuɗin mai karkarwar ba, hancin ado ake ba shi. To ka ga malam na Zariya, hancin ado ba abin kunya ba ne, manyan kamfanoni ma sun yi, ga Toyota 4Runner da Tacoma nan, akwai samfurorinsu masu hanci a toshe.

Daga baya aikin hanci ya canza. A motoci masu turbo, ita turbo ɗin matse iska take yi ta tura wa injin, iska kuwa in an matse ta zafi take yi, har takan wuce digiri 100. Sai a bi da ita ta cikin wata na'ura mai kama da ƙaramin lagireto, wadda makanikai ke kira intakula, ta huce kafin ta shiga injin. In an kwantar da intakula a saman injin, galibi akan buɗe mata ƙofa a bonet. Dalilin hancin Subaru Impreza WRX ke nan, wadda ta fara fita a Japan a 1992, haka Mitsubishi Pajero mai dizal ta shekarun 1990, da Land Cruiser mai injin dizal V8 da ta fito a 2007, da kuma Hilux irin ta malaminmu na Damagaram. Da Toyota ya sake fasalin Hilux a 2015 ya mai da intakula gaba, hancin ma sai ya ɓace.

Yaya mutum zai gane irin nasa? Abu ne mai sauƙi. Ɗaga bonet ka leƙa ta ƙasa. In ka ga rami ya ɓulle, ga roba kewaye da shi, tana sauka daidai kan wata na'ura mai siraran haƙarƙari na alminiyam, to naka na aiki ne. In ka ga ƙarfe a shafe babu rami, ko baƙar roba ta toshe bakin, na ado ne.

To malam na Damagaram, maganar fenti babu laifi ko kaɗan, kuma aiki ne da za ka iya yi a gida. Da farko kwance hancin daga jikin bonet, galibi da notina ko maƙalai aka riƙe shi ta ƙarƙashi. A bi maƙalan a hankali, robar da ta sha rana ba ta da wuyar karyewa. Kada a yi ƙyuya a fesa fenti yana jikin mota, domin feshin zai sauka kan intakula da gilashi. Ka wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe sarai. Sai ka goge shi da samfefa mai lamba 400, ka bi da mai lamba 600, har sai ƙyallin tsohon fenti ya mutu, wurin ya yi sumul. Ka share ƙurar da tsumma mai tsabta da ɗan sipirit. Kada ka kusantar da tina ga roba tsirara, tana cin ta.

Daga nan sai fentin shimfiɗa, kuma a nan ne da yawa ke yin asara. Akwai na ƙarfe, akwai na roba. Ka ce wa mai shago na roba kake so, in ba haka ba ko wata uku ba za a yi ba fentin zai fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Wajen feshi, ka girgiza gwangwanin sosai, ka riƙe shi nesa da kayan kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25, hannunka na tafiya ba tsayawa. Shafi uku marasa kauri, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakaninsu, sun fi shafi ɗaya mai kauri, wanda zai zubo ya yi hawaye. A ƙarshe ka bi da fentin nan marar launi mai kare na ƙasa daga rana, shafi biyu. Ka bar shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka mayar.

Lokacin aikin ma abin dubawa ne. A yi shi da safe a inuwa, ranar da babu iska. Ranar da hunturu ke busawa a haƙura, domin duk ƙurar da ta sauka kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan. A yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da wurin don ƙura ta kwanta. A rufe hanci da baki, a yi nesa da murhu da mai shan taba, feshin nan yana kama wuta.

Game da launi, hanya biyu ce. In kana so ya dace da jikin mota, nemi lambar fentin motarka a ɗan allon da ke ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin injin. A wajen Toyota alal misali, 040 fari ne, 202 kuma baƙi. Sai dai motar da ta shekara goma sha tana shan rana fentinta ya riga ya sauka, sabo zai fi shi haske. Dabarar masu fenti ita ce a cire murfin tankin mai a kai wa mai haɗa fenti ya gwada da shi. Hanya ta biyu, wadda ta fi sauƙi, ita ce baƙi marar ƙyalli. Yana shiga da kowane launi, kuma ba ya mai da hasken rana cikin idon direba. Abin da za a guje wa shi ne mai walƙiya kamar madubi. Abu ne da ke gaban idonka kullum, da hantsi ko da la'asar zai riƙa kashe maka ido a kan hanya. Mai son ledar ado irin ta liƙawa ma yana iya sawa, a ɗumama ta da na'urar busar da gashi tana bin lanƙwasar, a naɗe bakinta ta ƙasa. Amma a sayi mai kyau, araha ba ta ado, mai arhar kafin bazara ta wuce ta tattare.

Sai maganar raga, kuma a nan muke so ka saurara da kyau. Duk abin da ka sa a bakin hancin nan, ka rage wa intakula iska ne. In ba ganye ko tsakuwa ke damunka ba, barinsa a buɗe yadda kamfani ya yi ya fi. In kuma lallai sai an sa, to a nemi ragar alminiyam mai manyan idanu, irin wadda fensir zai shige, a yi mata baƙin fenti, a ɗaure ta ta ciki yadda ba za ta ɓalle ba. Ragar sauro irin ta taga kuwa, a'a. A ƙasa mai ƙura irin tamu, 'yan kwanaki kaɗan idanunta za su toshe, ka zama ka rufe wa motarka hanci da hannunka. Alamar da za ka gani ita ce, da rana tsaka in ka yi lodi motar ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, wani lokaci har da baƙin hayaƙi, kai kuma kana can kana zargin famfon mai.

Fitilu kuwa, shawararmu a bar su. Za su tare hanyar iska, ga waya za ta bi ta wuri mai zafi, wadda in ba a sa mata fis ba tana iya jawo gobara. Da dare haskensu zai riƙa dawo maka a gilashi. Ja da shuɗi masu walƙiya kuma na jami'an tsaro ne da motocin asibiti, kada ado ya jawo maka tsayawa a shingen bincike. In kana son yi wa hancin nan alheri na gaske, tun da ka riga ka kwance shi, duba robar da ke tsakaninsa da intakula. In ta yage ko ta saki, iska ta gefe take zurarewa, a canza ta. Ka kuma wanke haƙarƙarin intakula da ruwa mai taushi. Kada mai wankin mota ya kafa musu bakin injin feshi, lanƙwashewa suke yi.

Yanzu sai mu juyo gare ka, malam na Zariya. Maganar abokanka cewa mota za ta ƙara gudu in an yanke bonet, ba haka ba ne, ga kuma dalili. Corolla ba ta shan iska ta tsakiyar bonet. Akwatin matatar iskarta a gefe yake, bututunsa kuma daga gaba yake ɗibar iska, inda take da sanyi tun asali. Ramin da za ka yanka ba ya haɗe da komai. Ko da ma an haɗa shi, turin da iska ke yi a gudun kilomita 100 cikin awa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyin iskar da ke kewaye da mu ba. A injin mai ƙarfin doki 130, ribar ko doki ɗaya ba ta cika ba. Wannan ba abin da direba zai ji a ƙafarsa ba ne.

Ribar ke nan, to ga hasarar. Ta ɗaya, ruwan sama da na wanki zai riƙa zuba kai tsaye kan koyil da filogi da wayoyi, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi motar ta fara shaƙewa. In kuma wani gwani ya ja bututu daga ramin zuwa cikin injin ba tare da mafitar ruwa ba, abin ya fi haka muni. Fistin yana matse iska, amma ba ya iya matse ruwa, in ruwa ya cika masa wuri sai konrod ya lanƙwashe, sai sauke injin. Ta biyu, ƙura. Ta uku, zafi, wanda mutane ba su cika zato ba. Iska tana ratsa lagireto ne saboda ta fi matsuwa a gabansa fiye da bayansa. In ka buɗe ƙofa mai kallon gaba tana cusa iska cikin ɗakin injin, ka rage wannan bambanci, iskar da ke ratsa lagireto tana iya raguwa. Shi ya sa za ka ga ƙofofin da ke kan bonet ɗin motocin tsere da yawa na fitar da zafi ne, baya suke kallo. Ta huɗu, bonet yana da haƙarƙarin ƙarfe ta ciki masu riƙe shi, in an yanke su zai riƙa rawa a kan hanya, bakin yankan kuma nan tsatsa za ta fara. Ta biyar, ranar sayarwa. Dillali na ganin bonet a yanke zai karya kuɗin motar, ya ce ta taɓa haɗari ko an wahalar da ita.

Saboda haka liƙa shi za ka yi, ka bar ƙarfen motarka lafiya. Da farko ɗora shi a kan bonet ka ga ko gindinsa ya bi lanƙwasar ƙarfen. In akwai giɓi da yatsa zai shiga, wannan ba na motarka ba ne, ka mayar a canza maka. Ka zaɓi gajere wanda ya yi daidai da girman motar, ƙaton hanci a kan ƙaramar mota kamar yaro ne ya sa hular babansa. Ka ja zare daga tambarin gaba zuwa tsakiyar gilashi don ka sami tsakiya, ka auna hagu da dama da tef, ka yi alama da salatif ɗin takarda na masu fenti. Ka ja da baya taku goma ka duba, sannan ka shiga mazaunin direba ka tabbata bai tare maka ganin hanya ba. Fentinsa kuma kamar yadda muka bayyana wa malam na Damagaram, a gama shi kafin a liƙa.

Abin liƙawa shi ne salatif mai gam fuska biyu wanda aka yi musamman don jikin mota, irin na kamfanin 3M, a kuma kula, akwai jabu da yawa a kasuwa. Gam ɗin ruwa mai saurin kamawa yana ɓata fenti, kuma yana tsagewa da zafi da jijjiga. A wanke wurin, a goge da sipirit don man ƙyalli ya fita, a yi aikin a inuwa lokacin da ƙarfen bai yi zafi ba. A kewaye gindin duka da salatif ɗin, a bar ɗan wuri kaɗan ta inda ruwa zai tsiyaye, a danna da ƙarfi ko'ina. Irin wannan gam sai ya kwana uku, wato awa 72, yake gama kamawa, don haka a kwanakin nan ba wanki, ba doguwar tafiya.

Bakinsa kuma a toshe shi ta ciki da baƙar roba. Daga nesa zai yi kamar a buɗe yake, amma iska ba za ta shiga ƙarƙashinsa tana ɗaga shi ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin in gudu ya ninka biyu, ƙarfin iska sau huɗu yake ninkawa. Abin da ya zauna lafiya a cikin gari, a hanyar Zariya zuwa Kaduna yana iya tashi, ya daki gilashinka ko ya sami mai babur da ke bayanka. Saboda haka duk safiya kafin tafiya ka ɗan ja shi da hannu, in ka ji gefe ya fara saki, a cire a sake liƙawa. Mai nauyi irin na faiba kuwa sai da noti, noti kuma sai an huda. Wanda ya nace sai irin wannan, gara ya je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya sayi bonet na hannu ya yi gwajinsa a kai, ya ajiye na asali. A shafa fenti a bakin kowace huda, a sa washa ta roba.

Abu na ƙarshe, wasu kan je wajen mai walda a lanƙwasa musu na falankin ƙarfe. A tuna bonet ne wurin da mutum ke faɗawa in tsautsayi ya sa mota ta buge shi, yaro kuwa kansa ne ke sauka a wurin. Dokar ƙera motoci mai lamba 26 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashen Turai ke bi, ta hana barin baki mai kaifi a jikin mota ta waje, sai an dakushe shi. Ko babu mai tsayar da kai a hanya, wannan hakkin jama'a ne a wuyanka.

To malamai, a taƙaice ke nan. Na Damagaram, yi fentinka, gyara robar ƙarƙashi, bar wa motarka hancinta a buɗe. Na Zariya, liƙa naka da kyau, toshe bakinsa, ka ce wa abokanka giranda ta huta. In an bi haka, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.